Alkawarin da Fara Ta Yi wa Auta

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu da kowa yake kira Fara. Ba don hasken fata ba ne, domin baƙa ce kamar mamarta. Kakarta ce ta sa mata sunan, wai ba ta zama wuri ɗaya, kullum cikin tsalle take kamar farar cikin ciyawa.

Babanta direban bas ne, mai son tsokana. Shi kuma yakan ce sunan ya dace da ita ta wata hanya.

"Kin iya fara abu," in ji shi. "Gamawar ce har yau ba mu gani ba."

Gaskiya Baba yake faɗa. A ƙarƙashin gadonta akwai hular ulu da ta saƙa rabi. A bakin taga akwai gwangwani uku da ta shuka tumatir a ciki. Kwana huɗu ta ba su ruwa, sai ta manta da su.

A coci ma haka take. In Malamar makarantar Lahadi ta ce, "Wa zai yi kaza?" kafin ta rufe baki hannun Fara yana sama. Tana cikin masu waƙa. Tana cikin masu wasan kwaikwayo. Ta rubuta sunanta cikin masu shara, da masu raba littattafan waƙa.

"Ina so in yi wa Allah babban aiki," takan ce. Da zuciya ɗaya take faɗa, domin tana ƙaunar Yesu ƙwarai.

Fara tana da ƙawaye biyu. Ɗaya ana ce mata Gajera, ko da yake ta fi kowa tsawo a ajinsu. Gajera ba ta ɓoye magana. Abin da ke ranta shi ke bakinta.

Ɗayar kuwa Auta ce, 'yar kafinta. Auta ta fi kowa iya rubutu, amma tana da in'ina. In za ta yi magana, kalmar farko takan maƙale mata, har wani lokaci jijiyar wuyanta ta fito. Saboda haka ba ta cika magana cikin mutane ba.

Kowace Laraba bayan an tashi daga makaranta, su ukun sukan haɗu a kan wani benci a bayan coci. Su yi addu'a, su karanta Maganar Allah, sannan su yi hira. A nan ne suka gano wani abin mamaki. In Auta tana karatu tare da wani, murya biyu a lokaci ɗaya, harshenta ba ya sarƙewa ko kaɗan.

Wata Lahadi Malama ta ce nan da mako uku yara ne za su bi da sujada gaba ɗaya. Ta sa kowa ya rubuta addu'ar godiya. Da ta duba takardun, sai ta ɗaga guda ɗaya.

"Wannan ta Auta ce," ta ce. "Ita nake so a karanta a gaban ikilisiya. Kuma wadda ta rubuta ita ya kamata ta karanta."

Auta ta sunkuyar da kai tana girgiza shi.

Fara ta miƙe zumbur. "Malama, zan tsaya tare da ita. In muna karantawa tare ba ta maƙalewa."

Malama ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ce kike jan waƙa ranar. Ke ce kuma likita a wasan kwaikwayo. Anya kuwa?"

"Zan iya duka, Malama."

Malama ta juya wajen Auta. "'Yata, ke fa? Ba zan tilasta miki ba."

Auta ta dubi Fara. "Za-za-za ki tsaya?"

"Na yi miki alkawari," in ji Fara. "Ina gefenki daga farko har Amin."

Sai Auta ta yarda.

Larabar farko sun yi gwaji har sau biyar, komai ya tafi daidai. Laraba ta biyu, sau ɗaya suka karanta, sai Fara ta ji ganga daga cikin coci. Ƙafarta ta soma motsi.

"Ina zuwa yanzu," ta ce, ta ruga. Ba ta dawo ba.

Laraba ta uku ko leƙowa ba ta yi ba. Tana can wajen masu wasan kwaikwayo. Gajera ta same ta a hanyar gida.

"Awa guda Auta ta yi tana jiranki."

"Ai na haddace addu'ar," in ji Fara. "Mene ne abin damuwa?"

"Ba haddar ba ce. Ke take so ta gani."

"To ke ba sai ki karanta da ita ba?"

"Na gwada. Ina da saurin baki, ba ta iya bin muryata. Da ke ta saba."

"Za ta gan ni ranar Lahadi," Fara ta ce, ta tsallake kwata ta yi gaba.

Ranar Lahadi coci ya cika. Fara ta ja waƙa, muryarta ta fita tas, mutane suka tashi suna tafi. Tana saukowa ta shiga ƙaramin ɗakin da yara suke canza kaya. Ta buɗe jakarta. Farar rigar likita da ta aro wurin kawunta ba ta ciki. Ta bar ta a rataye a bayan ƙofar ɗakinsu.

Ta leƙa takardar tsarin sujada. Akwai sanarwa, sai addu'ar Auta, sannan wasan kwaikwayo.

"Ina za ki?" Gajera ta riƙe mata hannu.

"Gida. Yanzun nan zan dawo. Ai mai sanarwa ba ya gamawa da wuri."

"Ki yi wasan haka mana. Riga ce kawai."

"Likita babu farar riga? Dariya za a yi mini."

Ta fizge hannunta ta fita ta ƙofar baya.

Ta yi ta gudu. Ta wuce shagon aski, ta wuce gidan mai, ta karya kwana ta shiga layinsu. Sai da ta iso ƙofa ta tuna makulli yana cikin jakar Mama, Mama kuma tana coci.

Ta buga ƙofar maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da take ajiye musu makulli na biyu.

"Kaka, don Allah makullinmu. Sauri nake."

"Ke kullum sauri," in ji tsohuwar. Ta shiga ɗaki a hankali. Ta buɗe wannan gwangwani, ta rufe. Ta buɗe wancan. Fara tana tsaye tana ɗaga ƙafa ɗaya tana ajiye ɗaya, kamar ƙasar tana da zafi.

Da ƙyar makullin ya fito. Ta ɗauko rigar, ta juyo a guje.

Tun kafin ta kai ƙofar coci ta ji lasifika. Ba muryar mai sanarwa ba ce.

"U... U-U-U..."

Fara ta tsaya cak a bakin ƙofa, riga a hannu, tana haki. Can gaba ta hango Auta ita kaɗai a gaban makirufo. Tana so ta ce "Ubangiji," kalmar ta ƙi fita.

Wani yaro a layin baya ya kwaikwaye ta a hankali. Biyu suka yi dariya, uwarsu ta harare su.

Auta ta waiga gefenta na hagu, inda Fara ta saba tsayawa. Babu kowa. Ta sake gwadawa, ta kasa. Sai ta ajiye takardar a kan tebur, ta sauka, ta fita ta ƙofar gefe. Babanta ya tashi daga wurin zamansa ya bi ta.

Malama ce ta ɗauki takardar ta karanta addu'ar.

Bayan haka aka kira masu wasan kwaikwayo. Fara ta sa farar riga ta fito. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Mutane sun yi dariya, sun yi tafi. Amma ita idonta yana kan ƙofar gefe.

Ranar Litinin a makaranta ta tarar Auta ta canza wurin zama, ta koma can baya kusa da taga. Da aka fita shan iska, Fara ta je ta tsaya a gabanta.

"Auta, yi haƙuri. Wallahi ba da gangan na yi ba. Rigar ce na manta, ga makulli yana wurin Mama, ga Kaka ta ɓata mini lokaci, shi kuma mai sanarwa ranar ya ga damar gamawa da wuri. Kin ga ai ba laifina ba ne duka."

Auta ba ta ɗago kai ba. Ta yagi 'yar takarda ta rubuta kalma biyu ta tura mata: "Na ji."

Ranar Talata Fara ta ajiye mata alewa a kan tebur. Da aka tashi ta tarar da alewar a cikin jakarta. Ranar Laraba ta je bencin bayan coci, Gajera kaɗai ta samu.

"Ba za ta zo ba," in ji Gajera. "Ta ce ranar Lahadi ma ba za ta zo ba. Kunya take ji."

"Ai na ba ta haƙuri."

"Ina wurin. Kin ba riga laifi, kin ba makulli, kin ba Kaka. Ke ce kawai ba ki samu naki kason ba."

"Ke ma kin juya mini baya ke nan?"

"Da na juya miki baya da ba ki same ni a nan ba," in ji Gajera. "Zauna mu yi addu'a."

Fara ta zauna, ta rufe ido, amma bakinta ya kasa cewa komai. Gajera ce ta yi musu addu'ar.

Makon nan Fara ba ta samu sukuni ba. In ta zauna sai ta tashi. In ta ɗauki littafi sai ta ajiye. Abinci ma cokali uku take yi ta ture kwano. Ko me take yi, sai ta riƙa jin muryar nan ta lasifika a kunnenta.

Mama mai kitso ce. Shagonta yana jikin gidansu, da madubi babba guda ɗaya da kujeru uku. Ranar Asabar da rana, da shagon ya yi sauƙi, ta kira Fara.

"Zo in yi miki kitso."

Fara ta zauna a kan ƙaramar kujera. Mama ta tsaga gashin, ta shafa mai, ta soma. Da ta gama gefen dama, sai ta ajiye mataji ta goge hannu.

"Tashi, shi ke nan."

Fara ta dubi madubi. Rabin kanta a kitse, rabi a tsaye buzu-buzu.

"Mama, ba ki gama ba."

"Na gaji da wannan. Zan je in fara wanki. Ke kuma je ki kanti ki sayo mini sabulu."

"A haka? Mama, kowa zai yi mini dariya a titi."

"Ashe?" in ji Mama. "Ai na ɗauka fara abu ya isa."

Sai hawaye suka zubo wa Fara. Mama ta jawo ta, ta sake ɗaukar mataji.

"Ba zan tura ki titi a haka ba, 'yata. Amma Auta, ita an tura ta. Ta yarda da maganarki ta hau gaban mutum ɗari uku."

"Mama, ni fa aikin Allah nake so in yi. Shi ya sa nake shiga komai."

"Na sani. Zuciyarki mai kyau ce. Amma ranar nan, cikin ayyukanki uku, wanne ne in ba ke ba babu mai iya yi?"

Fara ta yi tunani. Waƙa akwai yara biyar da za su iya ja. Wasan likita ko babu riga zai yiwu.

"Na Auta," ta ce a hankali.

"Shi ne kuma babu mai tafa miki a kansa," in ji Mama. "Riƙe kanki da kyau, kada tsagar ta karkace."

Washegari bayan sujada Fara ta tsaya har sauran yara suka fita. Malama tana tattara alli da littattafai.

"Malama, ina so a cire sunana daga wasu abubuwa."

Malama ta zauna a bakin tebur. "Ni ma ina da laifi. Na ga kayan sun yi miki yawa, na ƙyale. Amma kafin ki yanke shawara, ki ji wannan. An gayyaci wasanmu zuwa babban taron matasa na wata mai zuwa. Coci goma sha biyu za su haɗu. Za a riƙa gwaji kowace Laraba."

Zuciyar Fara ta buga. Coci goma sha biyu. Har ta ga kanta a kan babban dandamali. Yatsunta suka soma murza bakin rigarta.

"Laraba kawai, Malama? Ba za a iya mayar da shi Alhamis ba?"

"Laraba kawai."

Fara ta dubi ƙasa, ta dubi taga, ta sake duban ƙasa.

"A ba wata," ta ce da ƙyar. "Laraba ina da wurin zuwa."

"Kin tabbata?"

"Ina so in je taron, Malama. Sosai ma. Amma a ba wata."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Allah ya ba ki murya mai ƙarfi, ya kuma cire miki tsoron mutane. Ba don ki cika kowane wuri ya ba ki ba. Ki riƙe waƙa, ki riƙe ƙawarki. Ki yi su har ƙarshe. Bin Yesu ke nan a shekarunki."

Ranar Laraba Fara ta nufi shagon baban Auta. Rumfa ce ta kwano a bakin titi, cike da katako da ƙamshin fenti. A ciki akwai wani ɗan ɗaki inda Auta take aikin gida bayan makaranta.

"Ina wuni, Baba."

Kafintan ya ɗago daga kan ƙofar da yake gogewa. Mutum ne marar yawan magana. Ya dube ta na ɗan lokaci.

"Lafiya lau. Wurin Auta kika zo?"

"E, Baba."

Ya shiga, ya fito. "Ta ce ba ta son fitowa."

"To zan jira, Baba, in ba damuwa."

Ya nuna mata wani sabon benci da ba a shafa wa fenti ba. Fara ta zauna. Minti biyar ya yi mata kamar yini guda. Ƙafarta tana rawa. Ta ƙirga ƙusoshin da ke cikin kwalba. Ta ji 'yan wasan kwaikwayo sun wuce a titi suna dariya, har ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Ta riƙa cewa a ranta, "Yesu, ka taimake ni in zauna."

Awa guda ta cika, Auta ba ta fito ba. Fara ta yi sallama ta tafi.

Laraba ta gaba ta dawo, wannan karon tare da Gajera. Suka zauna a kan bencin, wanda yanzu an shafa masa fenti kore. Baban Auta ya miƙa musu takardar guga.

"Tunda zama za ku yi, ku goge mini ƙafar kujerar nan."

Suna cikin gugar, labulen ɗan ɗakin ya motsa. Auta ta fito ta tsaya ta harɗe hannu.

Fara ta miƙe. Ta shirya dogon bayani tun daga gida, amma sai ta bar shi.

"Auta, na yi miki alkawari na karya. Na zaɓi riga na bar ki. Laifina ne ni kaɗai. Ki gafarta mini."

Auta ta buɗe baki. "Ba-ba-ba wannan ka-ka..."

"Kaɗai ba?" Fara ta ƙarasa mata da sauri.

Auta ta buga ƙafa a ƙasa. Gajera ta zunguri Fara da gwiwar hannu.

"Yi shiru mana ta faɗa da kanta."

Fara ta rufe bakinta. Auta ta ja numfashi. Maganar ta ɗauki lokaci, tana tsayawa tana tashi. Fara ta san kowace kalma kafin ta fito, kuma kowacce tana yi mata ƙaiƙayi a harshe. Amma ta danne.

"Ku-kullum sai kin ƙarasa mini magana," Auta ta ce. "Ba-ba ki taɓa jira na gama ba. Wani lo-lokacin ma ba abin da nake nufi ke nan ba. Sai in ƙyale ki kawai."

Fara ba ta taɓa sanin haka ba. Ta ɗauka taimako take yi.

"Ban sani ba," ta ce. "Daga yau zan jira."

Auta ta dube ta, ta dubi hannun Fara da ya yi fari fat da garin katako. Sai murmushi ya kufce mata.

"Ki-kin goge ƙafa ɗaya sau goma. Saura uku."

Gajera ta tuntsire da dariya, har baban Auta ya taya ta. Ranar a cikin shagon suka yi addu'a, su uku riƙe da hannun juna. Auta ce ta ce, "Na ga-gafarta miki," Fara kuma ta jira har ta gama.

Daga nan shagon ya zama wurin haɗuwarsu. Kowace Laraba Fara ce take fara isowa. Ba kullum abin yake mata sauƙi ba. Ranar da bas ya kwashi 'yan wasan kwaikwayo zuwa babban taro, ta yi kuka a bayan shagon Mama. Gajera ta zauna da ita har ta share hawaye, sannan suka tafi wurin Auta tare.

Auta ta koma zuwa coci, tana zama a tsakaninsu. Yaron da ya kwaikwaye ta ma uwarsa ta kawo shi ya ba ta haƙuri.

Bayan wata biyu Auta ta rubuta wa Malama takarda. Ta ce tana so ta sake gwadawa. Malama ta kai wa Fasto, Fasto ya ce Lahadi mai zuwa.

A gwajin ƙarshe Auta ta nuna wa Fara takardar. Ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, ta ja masa jan biro.

"Wa-wannan ni kaɗai zan faɗa."

"In kuma ya maƙale fa?" Fara ta tambaya.

"Sai ki tsaya."

Ranar Lahadi Fara ta riga kowa zuwa. Da aka kira su, suka hau tare. Hannun Auta ya yi sanyi. Fara ta riƙe shi, suka soma da murya ɗaya.

"Ubangiji, mun gode maka domin wayewar gari. Mun gode domin ruwan sha da wurin kwana. Mun gode domin hannuwan iyayenmu da suke gajiya saboda mu. Mun gode domin kana jin mai magana da sauri, kana kuma jin mai magana a hankali."

Suka iso jan layin. Fara ta yi shiru.

"Ka..." in ji Auta. "Ka-ka-ka..."

Kalmar ta tsaya. Wani ya yi tari. Wata kujera ta yi ƙara. Kalmar tana kan harshen Fara, in ta furta komai zai wuce. Ta cije leɓe, ta ƙara riƙe hannun Auta, ta tsaya ƙyam.

Auta ta rufe ido, ta ja numfashi.

"Ka ko-koya mana mu jira juna, yadda kai kake ji-jiranmu. Cikin sunan Yesu."

"Amin," ikilisiya duka ta amsa, har sai da tagogi suka ɗauki ƙarar.

Da suka sauko, baban Auta yana tsaye a layi na uku yana goge ido da bayan hannu. Auta ta faɗa jikinsa. Shi kuma ya miƙo ɗayan hannun ya dafa kan Fara.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce.

A hanyar gida Baba ya dubi Fara. "Yau ko waƙa ba ki ja ba, amma sai murmushi kike. Me ya faru?"

"Baba, yau na yi abin da na ce zan yi," in ji Fara.

Mama ta riƙo hannunta, suka ci gaba da tafiya.

Tun daga lokacin Fara ta gane cewa bin Yesu ba yawan ayyuka ba ne, ba kuma neman tafi ba. Shi ne mutum ya san abin da Allah ya sa a hannunsa, ya riƙe shi da aminci, ya kuma cika alkawarinsa ko da zai rasa abin da yake so. Ta kuma gane darajar ƙawaye na gari: wadda ta faɗa mata gaskiya ba ta guje ta ba, da wadda ta gafarta mata ta sake yarda da ita. Su ukun suka ci gaba da haɗuwa suna addu'a, suna riƙe da juna, har suka gama makaranta.